Durƙuson da Na Yi a Giranada

Abu na farko da Sifaniya ta nuna mini ƙofar ƙarfe ce a garƙame. Na tsaya gabanta a wani lungu na garin Almeriya, jaka a kafaɗa, ina duba lambar gidan ina sake dubawa. Nan aka ce masana'antar ɗinkin take, wadda ke neman teloli ido rufe. Na kasa kunne ko zan ji ƙarar keke, shiru. Wata tsohuwa ta leƙo ta taga, ta yi mini nuni da hannu cewa wurin ya daɗe da mutuwa. Na kira Tanko, dillalin da ya shirya mini tafiyar tun daga Bauchi, layinsa a kashe. Har yau bai kunna ba.

Sunana Auwalu. Tela ne ni a Wunti, kuma shagon da kekunan duka na sayar na yi wannan tafiya. Matata Zainab da 'yarmu Hafsa na bar su a Ƙofar Dumi, gidan mahaifina Malam Isiyaku, mai karantar da littattafai a zaurensa.

Wani mutumin Mali da na haɗu da shi a masallaci ne ya ji tausayina, ya kai ni bayan gari inda irinmu suke kwana. Bukkoki ne na katako da tsohuwar leda, babu famfo, babu makewayi. Gaba da su rumfunan leda ne iya ganinka, inda ake noman tumatir da tattasai. Da safe mu jeru a shataletale, masu gona su zo da motoci su nuna wanda suke so da yatsa. Ran da aka nuna ka, ka ci abinci. Cikin rumfar kuwa zafi ne irin wanda ban taɓa ji ba ko a bazarar Bauchi, ga maganin feshi da ke cin fata. Yatsuna da suka saba da zare da allura suka tsattsage, har ban iya ɓalle maɓallin rigata sai na cije baki. Biza ta ƙare ina nan. Na zama mutumin da in ya hango motar 'yan sanda sai ya shige bayan bola.

Wata rana muna gona muka ga hayaƙi ya turnuƙe daga wajen bukkokinmu. Tukunyar gas ce ta fashe. Kafin mu iso leda ta gama narkewa. Na yi ta tonon toka da hannu ina neman jakata, abin da na samu zip ɗinta ne kawai. Fasfo ɗina ya tafi, da hoton Hafsa, da hular da Baba ya ba ni. Na zauna a kan tokar mai ɗumi, na rasa ma abin da zan roƙi Allah.

Na ji ana cewa akwai aikin tsinkar zaitun a arewa, na bi wasu. Muka tarar an gama. Haka hanya ta yar da ni a Giranada, gari ne a gindin duwatsu masu ƙanƙara, sanyinsa na shiga har ɓargo. Ina zaune a wani dandali ina ɗinke wandona da allurar da na roƙa, sai wani ƙaton mutum mai tumbi ya tsaya a kaina yana kallon ɗinkin. Ya ce sunansa Pako. A lokacin na ɗan tsinci yarensu na neman abinci, na gane yana tambaya ko na iya keke. Na ce shi ne sana'ata.

Pako yana da ɗaki ƙarƙashin ƙasa cike da tufafin mutanen da. Sana'arsa ita ce ya sa wa mutane kayan sarakuna da mashahuran ƙasar, ya shafe su da fenti ruwan tagulla, su tsaya a dandali ƙyam kamar mutum-mutumi. 'Yan yawon buɗe ido su jefa sulalla a gwangwani, su ɗauki hoto. Ya ba ni tsohon keke da katifa a ƙarƙashin matakala. Ranar da na ɗora ƙafa a kan keken nan na ji ƙararsa, sai da na share ido.

A nan na san Rosa, wata mata 'yar ƙasar Peru da ta manyanta. Malamar firamare ce a garinsu, ta baro 'ya'ya uku wajen uwarta. Ita ke sa kayan sarauniya. In ina gyaran wata riga sai ta zauna tana cire fenti daga wuyanta, tana gaya mini mai ita.

"Wannan baƙar rigar ta wani sarki ce da ya mallaki rabin duniya," in ji ta. "Daga wani ɗan ɗaki yake mulki, kullum cikin takardu. Da zai mutu jikinsa duk gyambo, ba a iya ko juya shi."

Ta nuna mini gashin baki na roba mai lanƙwasa sama, ta ce na wani mai zane ne da ya mai da hauka sana'a. Ta nuna mini rigar wata mata mai ibada da ta karaɗe ƙasar da takalmin igiya tana kafa gidajen bauta, manyan malaman addininsu suna tsoron bakinta. Can ƙurya kuma akwai kakin soja da ba mai taɓawa. Na tambaye ta.

"Na janar ɗin da ya danne ƙasar nan ne shekara da shekaru. Wani ya taɓa sawa ya fita dandali. Wata tsohuwa ta zo ta tofa masa yawu a fuska, tana kuka tana kiran sunan ubanta. Tun ranar Pako ya ɓoye shi."

"Ke fa, wace ce?"

Ta ɗaga kambin kwali mai gicciye a samansa, ta yi wata dariya marar daɗi. "Ni ce babbar sarauniyarsu. Ita da mijinta suka haɗe ƙasar nan, suka ƙwace garin nan daga hannun Musulmi. Ita ta ba wa wani matuƙin jirgin ruwa guzuri ya tafi ya gano hanyar ƙasashenmu. Abin da ya sami kakannina daga nan ya faro. Yau ga ni ina sa kambinta don in biya wa 'ya'yana makaranta."

Wanda ke tsayawa tare da Rosa wani Balaraben Maroko ne. Shi ke fitowa a sarkin Musulmi na ƙarshe a Giranada, wanda ya miƙa makullan gari. Wata rana 'yan sanda suka kama shi a tashar mota, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Washegari Pako ya jefo mini alkyabba da rawani da wasu manyan makullai na katako.

"Kai za ka sa."

Na ce ni tela ne, ɗinki muka yi da shi.

"Ɗinki ya ƙare. Ko ka sa, ko ka ba ni katifata."

Na kalli 'yar tagar da ke saitin titi. Ruwa ake yi mai haɗe da ƙanƙara. Na tuna wani ɗan Gini da aka tsinta a sandare a ƙofar banki makon da ya wuce. Na ɗauki rawanin.

Aikin shi ne in sa gwiwa ɗaya a ƙasa gaban Rosa, kaina a sunkuye, makullai a tafin hannuna. In sulai ya faɗa gwangwani, in ɗaga makullan a hankali, ita kuma ta miƙo hannu. Shi ke nan, tun hantsi har rana ta yi sanyi. Fentin yana toshe fata, yana shiga ido. Dutsen dandalin yana cin gwiwa kamar ana goga mata faifan ƙarfe. Yara su ja mini rawani, matasa su dafa kaina suna dariya a ɗauke su hoto. Rosa takan yi magana ba tare da ta motsa leɓe ba: "Yi haƙuri, Awal. Saura kaɗan." Ni kuma in yi ta istigfari a zuci. In lokacin salla ya yi, in ɓuya bayan wani shago in goge fuska da tsumma in yi, in dawo a sake shafa mini.

Akwai wani dattijo da ke zama a benci kusa da mu kullum, da sanda da hular ulu. Ana ce masa Don Anselmo. Wata safiya ya taso da ƙyar, ya sunkuya ya tura mini wani ɗan matashi ƙarƙashin gwiwa, ya koma ya zauna. Da muka tashi na je in mayar masa, ya ce in riƙe.

"Ina saurayi, zamanin janar, yunwa ta kore ni Jamus," in ji shi. "Na yi shekaru ina wanke bayan gida a masana'anta. Mutanen nan da ke ɗaukar ka hoto sun manta kakanninsu ma sun ɗauki akwati."

Shi ya ba ni labarin sarkin da nake sa kayansa. Ya ce ba jarumi ba ne, ba kuma mugu ba ne, mutum ne da ya gaji gari a kewaye da maƙiya, cikin gidansa ma ana yaƙi. Da ya ga mutane za su mutu da yunwa sai ya miƙa makullan. Ya nuna mini wani tudu can nesa, ya ce a nan sarkin ya waiwayo ya kalli jan gidan sarautarsa ya fashe da kuka, uwarsa ta yi masa gori. Tun daga ranar in na durƙusa nakan ji kamar ni da mutumin nan mun san juna.

Abin da ya karya ni ya zo ne ranar wata Asabar. Ina durƙushe sai na ji wata murya a bayana ta ce, "Hajiya, zo ki ga wannan, wallahi kamar Bahaushe."

Rabon da in ji Hausa daga bakin mutum a tsaye gabana, ba ta waya ba, har na manta. Mutumin ya zagayo, wani Alhaji ne da matarsa, sun zo hutu. Ya sunkuyo da wayarsa a hannu ya ce, "Sannu da aiki, Malam."

Doka ita ce ba a magana. Amma bakina ya riga ni. Na ce, "Yauwa, sannu Alhaji."

"Allahu akbar! Daga ina?"

"Bauchi. Wunti."

Ya yi ta murna, ya riƙe hannuna, Hajiyar ta ba ni dambun nama a leda daga jakarta. Na tabbata har ga Allah bai nufe ni da sharri ba. Ashe bidiyo wayar ke ɗauka, ya sa shi a intanet ne don mamaki. Amma kafin ya isa Bauchi wani ya yanke gaisuwar, ya bar durƙuson da gicciyen da ke kan Rosa da muryata ina cewa Wunti, ya rubuta a ƙasa cewa ɗan malami ya bar addini a Turai yana yi wa Kirista sujada.

Ina cin dambun nan kaɗan-kaɗan don kada ya ƙare, Zainab ta kira. Ban taɓa jin muryarta haka ba.

"Baban Hafsa, kai ne a hoton nan?"

Na ce ni ne, amma ta saurara in yi mata bayani.

"Ni na yarda da kai. Amma an hana Hafsa zama a Islamiyya, yara na ce mata 'yar mai sujada. Ɗaliban Baba sun ragu. Yaya Sabo ya zo jiya, ya ce in ka bar addini babu aure tsakaninmu, in haɗa kayana."

Sabo wanta ne, shi ke riƙe da gidansu a Ƙofar Ran tun rasuwar mahaifinsu. Na ce ta kai wa Baba wayar. Na ji tafiyarta, na ji sallamarta a zaure. Sai ta dawo ta ce, "Ya ce ba yanzu ba."

Na kira Yaya Sabo, ya ɗauka ya ce, "Ka dawo ka faɗa da bakinka a gaban mutane, in kana da gaskiya," ya kashe. Bayan kwana kaɗan wayar Zainab ta daina shiga. Wani maƙwabcinmu ya gaya mini an zo da keke napep an kwashe ta da yarinyar.

Na je na ajiye wa Pako makullansa na ce na gama. Ya yi ta zagi, ya hana ni haƙƙina, ya watso mini 'yan tsummokarana waje. Na koma kwana a rumfar tashar mota. In dawo, da me? Ba fasfo, ba kuɗin jirgi, ba takardar da ke nuna ni wane ne. Na je ofishin 'yan sanda da ƙafata na ce su kama ni su mayar da ni gida. Wanda ke kan tebur ya dube ni, ya rubuta wani abu, ya ce in tafi za a neme ni. Mutanen da na yi shekara ina gudu, yau ina roƙonsu su kama ni sun ƙi.

A kwanakin nan na san yadda hankali ke barin mutum. Nakan hau wani tudu da ke fuskantar jan gidan sarautar, inda akwai katanga da rami mai zurfi a ƙasa. In tsaya in yi ta kallon ramin. Ba zan ce na yi niyyar wani abu ba, amma ƙafafuna kullum can suke kai ni. Wata la'asar na ji an riƙe mini gefen riga. Don Anselmo ne, yana haki, ya hawo tudun nan da sandarsa. Rosa ce ta gaya masa inda nake zuwa. Bai yi mini wa'azi ba. Ya ce gwiwoyinsa sun gaji, in taimaka in sauko da shi. Na riƙe shi muka sauko, bai saki hannuna ba sai a ƙofar wani gida da mata masu hidimar coci ke ciyar da baƙi.

Su suka ba ni gado da miya mai zafi, suka nuna mini kusurwar da zan yi salla. Su suka haɗa ni da wata ƙungiya mai mayar da mutane ƙasashensu. Aka shiga neman takardar tafiya daga ofishin jakadancinmu, yau a ce gobe, gobe a ce wani mako. Sanyi ya wuce, itatuwa suka yi fure, ina jira. Kullum tunanina ɗaya: kada a kai maganar gaban alƙali a raba auren kafin in iso. Ran da takardar ta fito Rosa ta raka ni tasha da ragowar fenti a bayan kunnenta. Ta ba ni 'yar tsana ta ulu ta ce in kai wa Hafsa. Ta ce Pako ya samo wani ɗan Senegal ya sa masa rawanin.

Na shigo Bauchi da rana tsaka, da leda ɗaya a hannu. Mai keken da ya ɗauke ni ya yi ta kallona ta madubi. Da muka ratsa Wunti na ga shagona, an mai da shi wurin cajin waya. Wasu da muka yi shekaru muna cin masa da miya tare suka kau da kai. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Sarkin Turai ya dawo!" aka yi dariya.

Baba yana zaure shi kaɗai, littafi a buɗe a gabansa ba ya karantawa. Ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa a taƙaice. Na faɗa masa komai, tun daga ƙofar ƙarfe har tudun nan. Na naɗe ƙafar wando na nuna masa gwiwata, wadda ta yi baƙi ta yi kanta kamar ta raƙumi. Ya daɗe yana kallonta.

"Ka bar salla?"

"Ban bari ba, Baba. Ko sau ɗaya."

"Shi wanda ka sa kayansa, Musulmi ne?"

"Musulmi ne. Sarkinsu na ƙarshe a can."

"Andalus," in ji shi a hankali. Ya dafa littafin da ke gabansa. "Mai wannan ma mutumin can ne. Da nahawun da na koya muku, da rabin abin da ke ɗakin nan." Sannan ya ce, "Da na karɓi wayar nan ranar, da ban san abin da zai fito daga bakina ba. Shi ya sa." Ya lalubi sandarsa. "Tashi mu je."

Bai yarda mu hau keke ba. Da ƙafa muka tafi Ƙofar Ran, shi a gaba ni a baya, ta cikin lungunan da kowa ya san mu. Duk wanda muka wuce sai Baba ya tsaya ya gaishe shi da kyau, don ya gan mu tare.

Yaya Sabo ya fito zaure, ya shimfiɗa wa Baba tabarma, ni ko kallo ban ishe shi ba. Maƙwabta suka taru a ƙofa. Sabo ya fara magana a kan abin kunya da abin da duniya ta gani. Baba ya bar shi ya gama.

"Sabo, ni ma na ga hoton. Na sa an nuna mini shi har ya ishe ni. Gwiwa na gani a ƙasa, ban ga goshi ba. Yunwa ce ta durƙusar da shi, kuma ni da kai ba mu taɓa jin irinta ba. Auwalu ɗana ne. Musulmi ya tafi, Musulmi ya dawo. Wanda ke da wata shaida ya kawo ta nan gabana."

Ni ɗan fari ne. Tun da aka haife ni ban taɓa jin Baba ya kama sunana ba, balle ya ce ɗana a gaban jama'a. Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a tabarmar mutane.

Ba wanda ya kawo. Sabo ya ce to, za a duba, a ba shi lokaci ya yi shawara da dangi. Bai rufe baki ba labulen cikin gida ya motsa. Zainab ce, da mayafinta, da ƙullin kaya a ka, tana riƙe da hannun Hafsa. Ashe tun da ta ji muryar Baba ta ɗaure kayanta. Ta durƙusa ta gaida shi, ta juya wajen wanta.

"Yaya, ka yi haƙuri. Shawarar ta same ni a ɗakina."

Hafsa ta ɓuya bayan zanen uwarta tana leƙena. Ta yi tsawo, haƙoranta na gaba sun fita. Na miƙa mata hannu, ta ƙi zuwa.

"Umma, wane ne?"

Zainab ta sauke ƙullin kayan daga kanta ta ɗora mini a hannu.

"Mai ɗaukar mana kaya ne," in ji ta. "Mu je gida, a hanya zan gaya miki."